Fankar Motar Surukina

Surukina ya sayi motar ne a hannun wani mai sayen dutsen zinari, baƙo daga kudu wanda ya yi shekara biyu a Abare. Da cutar gubar dalma ta ɓulla, aka yi ta rasa yara, aka hana niƙan dutse a cikin gidaje, sai mutumin ya tattara nasa ya nasa zai koma garinsu. Abin da bai iya ɗauka ba ya sayar. A ciki har da wata tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu, wadda sai ka buɗe ƙofa ka leƙa gefen kujera za ka gane asalinta koriya ce.

Sana'ar surukina sayen hatsi. Yana shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum ya sayi gero da dawa da wake, ya kai kasuwar Gummi. A da hayar mota yake yi. Ranar da jif ta shigo unguwarsu ba wanda ya buƙaci a gaya masa, domin tun daga bakin tasha ake jin rurinta. Idan ya taka totur sai ka rantse jirgin sama ne ke neman wurin sauka. Shi kuwa wannan rurin ne ya fi burge shi. Yakan ce motar da ba ta da murya ba ta da ƙarfi.

Ni a lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Anka, shekarata uku da auren 'yarsa. Ina ce masa Baba, yana ce mini Malam. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, idan na je gaisuwa kuwa tun daga zaure nake cire takalmi in durƙusa. 'Ya'yansa maza biyu suna Sakkwato, don haka matata ta yanke shawara, ba tare da ta tambaye ni ba, cewa duk ranar Asabar ni zan riƙa raka shi. Ta gaya wa mahaifiyarta, wadda duk muke kira Inna, Inna ta gaya wa Baba, Baba ya sa albarka. Ni ne na ƙarshe da na ji.

A tafiyar farko na gane Baba da fetur ba sa ga maciji. Allurar da ke nuna mai ta mutu tun zamanin mai zinari, saboda haka yana da wani karan dawa da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa. Kafin mu tashi ya zura shi a tanki, ya zaro ya duba a rana. Idan mun isa ya sake zurawa. Kowace 'yar gangara, ko da irin wadda ruwa ma sai ya yi shawara kafin ya bi ta, sai ya kashe inji ya sa mota a firi. Ya cire kujerar baya ya ajiye a zaure, ya ce nauyi ne na banza. Ba ya kunna rediyo, ba ya danna oda. Idan akuya ta tare hanya sai ya leƙo ta taga ya yi mata magana.

“Oda na shan mai, Malam,” in ji shi. “Komi kaj ji shina ƙara cikin mota, mai na shika ci.”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

A ranar Alhamis ɗin makon nan na tsaya gaban ɗalibai arba'in na yi musu bayanin yadda batir ke aiki. Amma aji daban, motar suruki daban.

Haka muka yi ta tafiya har shekarar da kuɗin fetur ya yi tashin gwauron zabo. Gidajen mai suka rufe, sai 'yan bumburutu da jarkokinsu a bakin titi. Baba ya rame a tsaye. Ya koma zura karansa sau uku a tafiya ɗaya, kamar mai jinyar da ke taɓa goshin maras lafiya.

Wata Asabar bayan mun sauke kaya a Gummi, ya biya garejin wani bakanike da ya sani, dattijo mai fama da ciwon baya, don a ɗaure masa salansa. Bakaniken ya buɗe bonet, ya kama fankar da ke bayan lagireto, wato tankin ruwan da ke sanyaya inji, ya gwada juya ta da hannu. Ta ƙi motsi. Ya leƙa, ya yi tsaki.

“Alhaji, wa yay yi maka wanga aiki? An ɗaure fanka da kusoshi. Ita ka shan maka mai.”

Baba ya matso har hularsa na taɓa bonet. “Fanka?”

Bakaniken ya yi bayani, kuma bayaninsa daidai ne, domin na fahimce shi sarai. A tsakiyar fankar akwai wani ƙarfe mai kama da faranti, kuloci suke ce masa, da wani mai mai kauri a rufe a cikinsa. Idan inji ya yi zafi, sai ya kama fanka ya juya ta da ƙarfi. Idan inji ya huce, ko mota na gudu a kan kwalta iska na shiga da kanta, sai ya sassauta, fanka ta riƙa juyawa a hankali ba ta wahalar da inji. Na wannan motar ya mutu, mai zinari bai sayi wani ba, sai ya sa aka huda aka ɗaure shi da kusoshi. Shi ya sa take ruri dare da rana, inji na jan ta ko ana bukata ko ba a bukata. Maganin abin, in ji bakaniken, a aika Gusau a sayo wani kulocin, ko na hannu ne.

Ina kallon fuskar Baba ta gefen ido. Na ga daidai inda ya daina saurare. Tun daga “ita ka shan maka mai” bai ƙara jin komai ba.

Ya ce, “Noti nawa ar riƙe da ita?”

“Huɗu.”

“Kwance ta.”

Bakaniken ya ce ba ya ba da shawarar haka. Baba ya ce bai tambaye shi shawara ba, sifana ya tambaye shi. Bakaniken ya dube ni, yana jiran mai ilimin boko ya sa baki. Ni kuwa na sami wata tsohuwar taya a gefe na zuba mata ido.

Abin haushin shi ne, a hanyar komawa komai ya tafi daidai. Kwalta ce tun daga Gummi har Anka, motar ba kaya, iska na shiga lagireto yadda take so. Allurar zafi, wadda ita kaɗai ce ke aiki a gaban motar, ba ta ko motsa ba. Ruri ya ɗauke, har muna jin kukan tsuntsaye. Fankar kuwa tana kwance a baya inda kujera take a da, kamar fasinja. Da muka iso ƙofar gida Baba ya zura kara, ya zaro, ya duba, ya sake zurawa. Sannan ya miƙo mini.

“Duba da idonka, Malam. Tsaga guda cur.”

Gaskiya ne, an sami ragowar tsaga guda. Kafin magariba duk majalisarsu ta ji cewa Turawan da suka ƙera motar sun haɗa baki da masu gidajen mai.

Asabar ta gaba muka nufi Tungar Guru sayen wake. Daga inda aka bar kwalta hanyar yashi ce da kwazazzabai, mota ba ta wuce giya ta biyu. Muna tafiya kamar hawainiya, inji na nishi, iska ba ta shiga. Ina ganin allurar zafi tana hawa. Baba bai lura ba, yana ba ni labarin wata gona da ya taɓa nomawa. Na yi gyaran murya. Na sake yi. Na ɗan nuna allurar da haɓa. Da ta shiga ja, na rasa yadda zan yi, sai na ce, “Baba, ko za mu tsaya mu gaisa da mutanen can?” Babu kowa a wurin sai wani jaki.

Kafin ya amsa tururi ya taso daga bonet.

Muka zauna gindin wata tsamiya har inji ya huce. Baba yana ta jan carbi. Na ɗauka ya gane kuskurensa, har na fara jin daɗi a raina. Can sai ya ɗago.

“Na gano ta. Bisa kwalta ba ta da amfani, cikin daji tana da shi. To mi az zahi? In mun hau kwalta a hidda ta, in mun sauka a maida ta. Noti huɗu na kawai.”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

Baba yana da ciwon gwiwa, ba ya iya hawa bamba. Don haka aikin ya faɗo kaina. Duk inda kwalta ta ƙare sai ya tsaya, in naɗe hannun riga, in hau in kifa ciki a kan inji mai zafi in ɗaura fanka. Duk inda kwalta ta fara, in kwance ta. Wata ranar sau shida. Yatsuna suka yi ta ƙuna, har ɗalibaina suka fara raɗe-raɗin cewa na buɗe wurin gasa tsire. Sau biyu noti ya faɗi cikin yashi, muka durƙusa ni da surukina muna tankaɗe ƙasa da hannu kamar masu neman zinari. Wani mai babur ma ya tsaya ya tambaya ko an samu a nan ne. Da tafiya ta yi tafiya na ƙware. Baba har agogo yake dubawa, ya riƙa yabona a majalisa, yana cewa ba a banza aka yi karatun kimiyya ba.

Kuma duk tsayawar nan ba ya kashe inji sai na roƙa, wai tayarwa ta fi cin mai. Ni da na san lissafin, na san abin da ake tsimi a kwalta ana ƙona shi a gefen hanya. Amma wa zai faɗa?

Wata rana matata tana shafa mini magani a yatsu, na ce mata na gaji. Na ɗauki faranti da murfin tukunya na yi mata bayanin kuloci tiryan-tiryan: ga fanka, ga abin da ke tsakiya, ga mai mai kauri da ke ciki, ga dalilin da ya sa sai an sayo wani. Na ce ta gaya wa Inna, Inna ta san yadda za ta shigar wa Baba da maganar, amma kada a ce daga wurina ta fito.

Ta ce, “Malam, ai wannan mai sauƙi ne. Ka bar mini.”

Daga baya na bi sawun saƙon. Matata ta ce wa Inna fankar ta rasa wani mai mai kauri a tsakiyarta, shi ya sa take wahalar da mota. Inna ta ce wa Baba wani masani ya ce a sa wa fanka mai mai kauri. Baba ya yi tunani a kan man da ya fi kowane kauri, ya aika kasuwa aka sayo masa man kaɗe cikin ƙwarya.

Asabar da safe na iske ya riga ya shafe ta, tsakiya da fikafikai, tana ta ƙyalli. Da muka sauka daga kwalta na ɗaura ta da ƙyar, tana zille mini kamar tarwaɗa. Ba mu yi nisa ba man ya narke. Fanka ta watsa shi ko'ina. Fambel, wato bel ɗin da ke juya ta, ya jiƙe ya fara santsi yana ƙara kamar an taka wutsiyar kare, ƙaiƙayi da ƙurar hanya suka manne a lagireto suka toshe shi. Duk motar ta ɗauki ƙamshin ɗakin mai jego. Da muka tsaya a ƙauye, awaki suka kewaye mu suna lasar bamba. Rabin yinin nan a bakin rijiya muka yi shi, ina wanke inji da omo da tsumma.

Baba yana zaune a kan buhu yana kallona. Ya ce, “Malam, ka ga illar jin maganar mata. Wai wani masani na yab ba su shawara. Ni dai da Allah zai haɗa ni da wanga masani, tambaya guda zan yi mishi: uban wa yak koya mishi mota?”

Na ci gaba da cuɗa tsumma.

“Jahili na, ko ba haka ba?”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

Da na koma gida na gaya wa matata, sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki. Kwana biyu ban yi mata magana mai tsawo ba.

Ana nan bazara ta shigo, irin zafin da kare ke rasa inuwar da za ta ishe shi. 'Yar ƙanen Inna ta haihu a Tungar Guru. Suna ya faɗo ranar Asabar, don haka aka shirya Baba zai kai Inna da ƙanwarta wunin suna, mu kuma mu wuce sayen dawa. Aka mayar da kujerar baya saboda su, Baba yana ta ƙunƙuni a kan nauyi. Suka cika bayan mota da kwanuka da fanteka da ƙullin kaya da jarkar kunun zaƙi. Ni na zauna gaba na ƙanƙame jikina, ga suruki a hagu, ga suruka a baya, ko numfashi sai na auna.

Da hantsi muka kai inda kwalta ta ƙare. Baba ya tsaya. Na naɗe hannun riga, na ɗauki sifana na zagaya baya. Na ɗaga fanteka, na ɗaga ƙulli, na leƙa ƙarƙashin kujera. Babu fanka.

Na dawo na tsaya wajen tagar Baba na ce, “Baba, kamar ba ta zo ba.”

“Wa?”

“Fankar.”

Inna ta ce daga kujerar baya, “Wanga ƙarhe mai kunnuwa? Ni nih hidda shi. Ya tare wuri, shina ta soke mani kwanoni. Na aza shi bisa akurkin kaji.”

Baba ya juya a hankali. “Kin san ko mi kika hidda?”

“Abin da kullum shina kwance baya? In da shina da aiki ai da ba a baya za a gan shi ba.”

Baba ya juyo ya kama sitiyari. Komawa Anka ɓarnar mai ce, wannan kuwa ba zai yi ba ko da za a yanka shi. Ya dubi hanya, ya dubi rana, ya ce za mu lallaɓa, in an yi gudu kaɗan iska za ta shiga.

Ba a gudu a yashi. Mun dai ci rabin hanya, muna tsayawa muna zuba ruwa. Jarkar ruwanmu ta ƙare, ruwan buta ya bi baya. A tsakiyar wani busasshen rafi mai faɗi tayoyi suka nutse, Baba ya sa ƙaramar giya ya taka, motar ta yi kuka, sai ga tururi kamar an buɗe tukunyar dambu. Ya kashe ta. Rana tana tsaka, babu inuwa sai wata 'yar ƙaya can gefe.

Na buɗe bonet da tsumma. Muna tsaye ni da Baba muna kallon inji yana tafasa, sai na ji an buɗe ƙofar baya. Inna ta fito da faifai biyu, ta miƙa wa ƙanwarta ɗaya.

Ta ce, “Ba iska taka so ba? Matsa.”

Suka tsaya gaban lagireto cikin kayansu na biki suna fifita, kamar masu hura wutar murhu. Baba ya ce su bari, abin kunya ne. Inna ta ce abin kunya ya riga ya faru. Ƙanwar ta tambaya ko a zuba kunun zaƙi, tunda shi ma ruwa ne, kuma da sanyinsa. Na ga Baba yana duban jarkar, na gane da gaske yana auna maganar. A nan ne wani sauti ya kuɓuce mini, ba magana ba ce, wani abu ne tsakanin tari da kuka.

Inna ta daina fifita. Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba in ban da amsa gaisuwa, kuma ranar ma ba ta karya al'ada ba. Ta dubi ƙanwarta, alhali ina tsaye taku biyu daga inda take.

“Ki ce ma Malam ya hwaɗi abin da yag gaya ma ɗiyata. Da bakinai. Na gaji da ɗaukar saƙon da ban gane ba.”

Ƙanwar ta juyo ta ce, “Malam, wai ka hwaɗi.”

Baba ya ce, “Wane saƙo?”

“Masanin da kaka ta zagi wata guda,” in ji Inna, “ga shi nan tsaye da tsumma.”

Da yashin nan zai buɗe da na shige. Na durƙusa, na sami tayar gaba na kafa mata ido, na yi mata bayani. Na gaya wa tayar cewa ban ce a shafa man kaɗe ba. Na gaya mata yadda kuloci yake, da yadda yake kamawa da saki da kansa, wato aikin da nake yi da sifana shi ne aikinsa, kuma shi ba ya ƙona yatsu. Na ce tsayawar da muke yi inji na aiki tana cinye abin da muka tsimta. Na ce idan aka ci gaba da dafa injin haka, wata rana gasket ɗin da ke ƙarƙashin kan inji zai ƙone, kan inji ya lanƙwashe, a nan kuwa ba maganar tsaga guda ake yi ba. Da bakina ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Har oda da rediyo sai da na wanke su daga zargi.

Na gama bayani. Ba a jin komai sai ƙarar ƙarfe yana hucewa.

Baba ya ce, “Tun yaushe kas san wanga?”

“Tun ranar Gummi, Baba. Bakaniken ma ya faɗa.”

“Wata huɗu.”

“Eh, Baba.”

“Wata huɗu kana hawa bisa inji awa ƙadangare, kana ce mani haka na.”

Na ci gaba da kallon tayar.

“Da nic ce jahili na, kac ce haka na.”

Ƙanwar Inna ta rufe baki da faifai, kafaɗunta na rawa. Baba ya cire hula ya share gumi, ya mayar. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya tafi can wajen 'yar ƙayar nan ya juya mana baya, ya daɗe a tsaye. Da ya dawo idanunsa sun yi ja da hawaye, gemunsa na motsi. Bai yarda an ga dariyarsa ba, amma duk mun san abin da ya je yi.

Wani Bafulatani da ya zo wucewa da shanu ya nuna mana inda suke tonon ruwa a cikin rafin. Na yi ta jido shi da fanteka, muna tacewa da ɗankwalin ƙanwar Inna. Muka sassauta iskar tayoyi, muka kwance bonet ɗungurungum muka ɗaure a saman mota don inji ya sha iska. Haka muka shiga Tungar Guru bayan la'asar, inji a waje tsirara, Inna na riƙe da faifai ko da za a sake bukata. An riga an cinye tuwon suna, sai ƙanzo. Ni ko shi ban samu ci ba, domin tabarma ɗaya aka shimfiɗa mana da Baba.

A can muka kwana. Da safe na hau wani suri inda ake samun sabis na kira matata, ta ba wani ɗan acaɓa fankar ya kawo. Ta iso da kashin kaji a fikafikai biyu. Na ɗaura ta, kuma ko da muka hau kwalta Baba bai tsaya ba. Ya ce a bar ta ta yi rurinta.

Cikin makon ya aika Gusau aka sayo kuloci na hannu. Bakaniken Gummi ya ɗaura, yana yi yana kallona yana girgiza kai. Ya nuna mana yadda ake kula da shi: da safe kafin a tayar a juya fanka da hannu, ta ɗan yi nauyi amma ta juya, idan ta yi sakayau ko aka ga mai na tsatsa a jikin farantin, ya mutu. A danna fambel da babban yatsa a ji bai saki ba. Duk bayan shiga ƙauye a wanke ƙaiƙayin da ke maƙale a lagireto, daga ciki zuwa waje. Baba ya sa ya maimaita sau biyu, sannan ya juyo ya tambaye ni ko gaskiya ne.

Da farko bai yarda da sabon abin ba. Idan an tayar da safe fankar takan yi ruri na ɗan lokaci sannan ta yi laƙwas, sai ya ce raggo aka sayar masa. Sai da muka shiga yashi da buhu goma sha biyu, ya ji ta farka da kanta tana huci, allura ta tsaya cak a tsakiya, sannan ya gyaɗa kai. Man da take sha ya ragu, ba kamar yadda ya yi fata ba, amma ya ragu. Tsohuwar mota ce mai nauyi, ba za ta koma babur ba. Mun yi shekara huɗu muna shiga daji da ita lafiya, har lokacin da hanyoyin suka daina shiguwa saboda 'yan bindiga, ya koma sayen hatsi a bakin kwalta.

Sai dai ni wata sabuwar wahala ce ta same ni. Tun daga ranar rafin nan Baba ya yanke cewa na san komai, kunya ce kawai ke hana ni faɗa. Idan wayarsa ta ƙi caji, a kira Malam. Idan likita ya canza masa maganin hawan jini, a kira Malam ya duba ko daidai ne. Rijiya ta ƙafe, rikicin iyakar gona, mafarkin da ya yi, duk ni. Idan na ce ban sani ba, sai ya yi murmushi ya ce in saki jikina.

Wata safiya aka aiko in zo maza. Na iske sansa na noma kwance a garke, ciki ya kumbura, ya ƙi cin komai. Maƙwabta sun taru kowa na faɗin nasa. Baba ya ce a ba Malam wuri. Na durƙusa na gaishe shi, na ce wallahi ban san komai game da shanu ba, ko kaza ban taɓa yi wa magani ba.

Ya dubi mutanen ya ce, “Ku ɗan ba mu wuri. Ba ya iya magana cikin jama'a.”

Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Ya tura ƙyauren garken, ya jawo turmi ya zauna, ya juya mini ƙeya don kada idonsa ya takura ni. Muka rage mu uku, ni da shi da sa.

“To, ba kowa. Hwaɗi.”

Na dubi san, san ya dube ni. Na ce, “Baba, ni dai a ganina a kira malamin dabbobi.”

Ya buga cinya a hankali. “Ka gani? Ashe ka sani.”

Aka kira malamin dabbobi, ya zo da wata doguwar roba ya zura wa san ta baki, iska ta fita, kafin azahar ya miƙe yana cin harawa. Da yamma Inna ta aiko mana da zabi biyu, ta ce na Malam ne, ladan magani.